Ranar da Darakta Ya Wanke Dutse

A duk faɗin ma'aikatar ruwa ba a taɓa yin mutumin da ya san cikin ƙasa kamar Darakta ba. Wannan ba ƙage ba ne, daga bakinsa aka ji, kuma ba sau ɗaya ba. Sauran masana sai sun huda dutse, sun auna, sun shafe watanni suna lissafi kafin su buɗe baki. Shi kuwa tsayawa kawai yake yi, ya ƙanƙance ido ɗaya, ya ƙwanƙwasa dutsen da kan sandarsa, ya kara kunne. Daga nan sai ya gyaɗa kai ya ce, "Lafiyayye ne." Tun da ya kama aiki bai taɓa ƙwanƙwasa dutsen da ya ba shi wata amsa daban ba. Shi ya sa ma'aikata suka raɗa masa Gani-har-hanji, suna faɗa a bayan idonsa. Da sunan ya kai kunnensa bai yi fushi ba, sai ma ya tambaya ko za a iya rubuta shi a ƙarƙashin hotonsa na bakin ƙofa.

Ilimin nan ba tsintarsa ya yi a hanya ba. Asalinsa ma'aikacin ofis ne, gwani wajen tsara kujeru a taro da sanin wanda ya kamata a fara gaisarwa. Sai aka tura shi wani gajeren kwas a ƙasar waje, inda aka ratsa da su ta cikin wani rami a mota, tagogi a rufe. Ya dawo da takardar shaida wadda ta fi tagar ofishinsa faɗi, da kuma farar hular kwano. Hular nan tana da nata masinjan mai goge ta kowace safiya. Ƙura ba ta taɓa hawanta ba, don ita da mai ita ba sa zuwa inda ƙura take sai an riga an yayyafa ruwa.

Gari yana fama da ƙishi, madatsar ruwa kuma tana bayan wani dogon tsauni. Aka yanke shawarar a huda tsaunin daga wannan gefe zuwa wancan, a yi rami wanda babbar mota za ta iya shiga, ruwa ya biyo ta ciki ya iso gari. Da aka zo neman wanda zai ja ragamar aikin, Darakta ya nuna tawali'u ƙwarai. Bai ce a ba shi ba, ya dai bayyana siffofin wanda ya cancanta, har da tsayinsa da irin gilashin da yake sawa.

A saman tsaunin nan yayarsa take zaune, uwa ɗaya uba ɗaya. Kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Tun rasuwar mijinta gonar lemo ce rayuwarta, gonar kuma idon ruwa guda ne ke shayar da ita, wani ɗan marmaro da ke fitowa daga gindin dutse a bayan ɗakinta, ba ya ƙafewa ko da tsakiyar rani. Da lemon gonar nan aka yi wa Darakta karatu, ko da yake a tarihin da yake ba 'yan jarida jajircewa ce kaɗai ta ɗauki nauyinsa. Da shi kuma Yaya ta yi wa 'yarta tilo karatu har ta zama masaniyar duwatsu. 'Yar nan aka ɗauka a aikin ramin, ta duba abin da ke cikin tsaunin kafin a shige shi. Ma'aikata suna ce mata Mai Guduma, don kullum da 'yar gudumar fasa dutse a ƙugunta. Tun ranar farko tsoronta ɗaya ne. Ruwan idon nan a cikin wata tsaga yake kwance a cikin tsaunin. In ramin ya yanka tsagar ta ƙasa, ruwan zai zurare kamar an huda gindin bokiti, gonar uwarta ta mutu.

Hanyar duba cikin tsauni ba ta da wani sihiri. Ana kafa injin haƙa a sama, irin na burtsatse, ya huda can ƙasa, ya riƙa zaro dutsen da ya ratsa dogo-dogo kamar rake. Sai a kwantar da sandunan a akwatunan katako, na sama a farko, na ƙasa a ƙarshe, a sa 'yan guntayen katako a tsakani ɗauke da lambar zurfin. Duk darajar abin a jerin take. Wanda ya iya karantawa, in ya bi akwatunan daga farko har ƙarshe, ya san abin da ramin zai tarar. Inda dutse ya fito a ruɓe, a ruɓe ake barinsa. Inda injin bai zaro komai ba, sai a bar gurbin a fili, don gurbin ma bayani ne.

A hudar da aka yi kusa da gonar Yaya, injin ya yi ta fito da dutse sumul, sai da ya kai daidai zurfin da ramin zai bi, sannan ya fara amayo laka da tsakuwa da ruɓaɓɓen dutse mai marmashewa a hannu. Ruwan da ake ɗura wa injin ma ya riƙa ɓacewa a ƙasa, ba ya dawowa. Mai Guduma ta kwantar da ƙazantar nan a akwatunanta yadda ta fito, ta lulluɓe ta da leda don kada ta bushe, ta ɗauki hoto. Sannan ta nufi ofishin kawunta.

Ta same shi tsaye gaban taswirar bango, hannuwa a baya, yana kallon wani jan layi da ya ratsa tsaunin sambal. Shi da kansa ya ja layin da rula, kuma yakan ziyarce shi kowace safiya.

"Yallaɓai," ta ce, "akwai tsaga a hanyarmu, kuma cike take da ruwa. Ko dai a karkatar da ramin, ko a ƙara huda a gano iyakarta, a ɗura mata siminti kafin mu isa."

"Karkatarwa," in ji Darakta, yana tauna kalmar kamar ya ci tsakuwa. "Kin ga layin nan? Da hannuna na ja shi. Babu lanƙwasa a aikina, kamar yadda babu a halina. Ruwa kansa ya fi son bin shugaba mai miƙaƙƙiyar manufa. Tsaunin nan tun kina goye nake ƙwanƙwasa shi, na san muryarsa, ya san tawa."

"Kawu, idon ruwan Inna ne a kai."

"Nan babu kawu. Kawu yana gida. Wanda kike gani a gabanki Darakta ne, kuma a gaban Darakta ba a kawo zancen gida." Ya gyara zaman gilashinsa. "Ban da lalacewar zamani, ni da na saya miki takalmin makaranta na farko, yau ke za ki koya min dutse?"

Ashe kawun da aka ce yana gida bai yi nisa ba. Mai Guduma ta juya ta fita. Ba ta yanke ƙauna ba, don akwai kwamitin ƙwararru da zai zo ya duba akwatunan kafin a ba da izinin ratsa tsakiyar tsaunin. Ta ce a ranta mutanen nan suna da ido, laka kuma ba ta bukatar mai fassara.

Ana gobe kwamitin zai iso, Darakta ya tura ta birni ta tarbo baƙin daga filin jirgi, wai ita ce mai harshe. Tana tafiya ya fito zagayen gani da ido, don shi mutum ne da ba ya barin baƙi su riga shi ganin abin kunya. Ya sa an share harabar ofis, an shafa wa kututturan itatuwa farin fenti, an kori awaki. Daga nan ƙafarsa ta kai shi rumfar akwatuna, wurin da bai taɓa shiga ba. Ya ɗaga ledar farko da kan sandarsa, ya ja da baya.

"Wannan wane irin juji ne?" ya tambayi mai sito. "Manyan mutane za su taso daga ƙasashe, mu nuna musu laka? Su koma su ce dutsenmu ƙazami ne?"

"Yallaɓai, Mai Guduma ta ce kada kowa ya taɓa."

"Kowa ta ce. Ni na yi maka kama da kowa?"

Sai a yi masa adalci, ranar nan Darakta ya yi aiki. Ya naɗe hannun riga, abin da tsofaffin ma'aikata suka rantse ba su taɓa gani ba. Ya sa aka jawo tiyo, aka bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Lakar ta narke ta bi kwata, tsakuwar aka kwashe a baro aka cike wani rami a hanyar shigowa, don kada motar baƙi ta yi tsalle. Da aka gama sai ga gibi ko'ina, shi kuwa ba ya son gibi. Ya sa aka ɗebo lafiyayyun sanduna daga wasu akwatunan aka cike, wanda ya yi tsawo aka rage masa. Guntayen katakon nan masu lamba ya ce suna ɓata tsari, aka tattara su a buhu. Ya ja da baya ya duba, har yanzu wani abu bai yi masa ba. Can sai basira ta sauko. Farin dutse yana kusa da baƙi, ja yana tsakiyar toka-toka, ba ladabi. Ya tsaya a kansu har aka sake jera duka rumfar bisa launi, daga fari tas zuwa baƙi ƙirin, sannan aka shafa musu mai da tsumma suka ɗau ƙyalli. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya ce wa mai sito a shekarunsa na aiki bai taɓa jin gamsuwa irin ta yau ba.

Washegari kwamitin ya iso, shugabansu wani farfesa mai furfura da ya ƙarar da rayuwarsa a cikin ramuka, kunnensa ɗaya ma nakiya ta cinye. Darakta ya shige gaba da farar hularsa. Mai Guduma tana baya, ita ce ta ƙarshen shiga. Ta tsaya a bakin rumfar. Ba fushi ta fara ji ba, tsoro ta ji. Aikin watanni ne a gabanta yana ƙyalli, kuma babu sanda ɗaya da za a iya cewa daga wane zurfi ta fito.

Farfesa ya bi layin a hankali har ƙarshe, ya shafa wani dutse, ya shinshina yatsansa. Ya ce, "A iya shekaruna ban taɓa ganin tsaunin da ya jera kansa daga fari zuwa baƙi ba."

Darakta ya sunkuyar da kai irin na wanda yabo ya yi wa nauyi. "Horo ne, Farfesa. Inda shugabanci ya tsaya da ƙafarsa, har dutse yakan bi layi."

"An wanke ne," in ji Mai Guduma. Ta ciro wayarta ta nuna musu hotunan lakar da gurabun.

"Wannan hoton kafin gyara ne," Darakta ya ce, yana murmushin haƙuri da ƙuruciya. "Ranku ya daɗe, ga dutse, ga hoto. Wanne za mu haƙa, dutsen ko hoton? Ku yi mata uzuri, 'yar yayata ce, ni na rene ta. Tana da ƙoƙari, sai dai zuciyarta tana gonar uwarta."

Farfesa ba yaro ba ne, ya gane abin da aka yi. Ya ce a sake huda wurin. Sai aka shaida masa cewa injin haƙar ya bar wurin tun makon jiya, har da walimar ban kwana da jawabi. Daga nan aka wuce cin abincin rana, wanda Darakta ya tsara da kansa, kuma a wannan fanni kam ba shi da na biyu. Kafin a kai ga shayi direba ya fara leƙowa yana nuna agogo. Kwamitin ya rubuta hukuncinsa a tsaye. Ya ce ba za a iya dogara da akwatunan ba, amma a ci gaba da haƙa bisa sharaɗin a riƙa huda siririn rami a gaba kafin kowace fasawa, don a san abin da ke jira. Darakta ya karanta har inda aka ce a ci gaba, ya ga sauran tsawaitawa ce.

Ba a jima ba Yaya ta sauko da kanta, da buhun lemo a bayan ɗan babur. Sakatare ya zaunar da ita a benci, ya ce Darakta yana ganawa. Gaskiya ya faɗa, tela ne a ciki yana gwada masa rigar bikin buɗe rami. Da aka shigar da ita ba ta kalli takardar shaidar ba, ba ta kalli taswirar ba.

"Auta," ta ce.

Darakta ya yi wuf ya rufe ƙofa, don wannan sunan ba ya cikin waɗanda ma'aikata suka sani.

"Auta, yarinyar nan ta rame. Ta ce za ka huda min ruwa ta ƙasa."

"Yaya, ku bar wa masana abin masana. Tsakanin ramina da idon ruwanki akwai dutsen da ko shekara aka yi ana luguden nakiya ba zai ji ba. Ba labari aka ba ni ba, da hannuna na wanke shi na gani. Abin da ke damun ƙasar nan shi ne kowa masani ne. A ƙasashen da suka ci gaba, in Darakta ya ce lafiya, har likita komawa yake ya zauna."

"Ni ban san dutse ba," in ji Yaya. "Itatuwan nan dai tare da mahaifinta muka dasa su. Ba ni da wasu."

Maganar ta taɓa shi, don shi mutum ne mai tausayi. Ya buɗe durowa ya ba ta kalandar ma'aikata mai hotonsa a kowane wata. Lemon da ta bari kuwa ya sa aka raba wa ma'aikata, da sanarwar cewa kyauta ce daga al'ummar saman tsauni masu godiya.

Aiki ya kankama. A huda fuskar dutse, a cusa nakiya, a fasa, a kwashe, a matsa gaba. A ofis Darakta yana da wani jan fil, irin na maƙala takarda, da yake matsarwa a kan layinsa kowace safiya, sai an tara manyan ma'aikata sun shaida. Da farko Mai Guduma ta tsaya kai da fata ana yin hudar leƙen nan da kwamitin ya ce. Amma hudar tana cin lokaci, fil ɗin ya fara kwana wuri ɗaya, Darakta kuma ya fara rasa abin yi da safiyarsa. Ya tara su ya yi musu jawabi. Ya ce leƙe-leƙen nan ba komai ba ne illa rashin yarda da shugabanci, shi ya riga ya leƙa wa kowa. Daga ranar aka daina, fil ya ci gaba da tafiya cikin ƙoshin lafiya.

Da ramin ya kusa ƙarƙashin gonar, bango ya fara damshi. Daga damshi sai ɗiga, daga ɗiga sai ramukan da aka huda don nakiya suka fara tsartuwa. Shugaban leburori ya kai rahoto ofis, takalmansa suna ɗigar ruwa a kan kafet. Darakta ya dubi kafet ɗin tukuna, sannan ya ce, "Gumi ne. Dutsen ya ji jiki, ya kusa miƙa wuya."

Mai Guduma ta shiga har ƙuryar ramin ta tara hannu. Ruwan garau yake, da sanyin da ta sani tun tana ƙarama. Ta fito ta ce ba ta yarda a sake fasawa ba sai an ɗura siminti. Kafin la'asar aka dakatar da ita daga aiki saboda kawo cikas ga ci gaba, kuma Darakta ya ba da sanarwar cewa fasawa ta gaba shi da kansa zai danna maɓallin nakiyar, a gaban 'yan jarida. Abin da ta iya yi kafin ta miƙa hularta shi ne ta roƙi shugaban leburori kada ya bar kowa a lungun da suke fakewa a ciki, ya fito da su waje gaba ɗaya. Ya ji maganarta.

Aka kafa dandamali a gefen bakin ramin, da rumfa da jan ƙyalle. Aka jawo wayar nakiyar har gaban Darakta. Ya yi jawabi a kan tarihin ɗan Adam da dutse, inda ya nuna cewa an daɗe ana fafatawa ba a samu wanda ya yi nasara ba sai bana. Sannan ya danna. Aka ji wani dum can ciki. Aka fara tafi. Sai iska ta fito daga ramin ta ɗaga jan ƙyallen, bayanta wani gurnani da bai yi kama da na nakiya ba. Masu tafi suka tsaya da hannuwa a buɗe. Ruwa ya fito ja wur, kauri kamar kunun laka, ɗauke da durom da katako da takalman roba da wata farar kujera tana juyi. Injinan da ke ciki ba a sake ganinsu ba.

Ƙaramin mutum da ya daburce. Darakta kuwa launin fuskarsa ne kawai ya sauya na ɗan lokaci, sannan ya jawo abin magana ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ku shaida. An ce mu je madatsa mu kawo ruwa. Ga shi tun ba mu kai rabin hanya ba, ruwan da kansa ya fito tarbarmu."

Waɗanda ke da iyali suka tafa. Ruwan ya bi kwari ya wuce, ko akuya ba ta sha ba. Ya yi makonni yana zuba, aiki ya tsaya cak, gari ya ci gaba da layi a bakin famfunan da ba sa kawowa. Darakta ya kafa kwamitin bincike, ya karɓi shugabancinsa bisa tilas. Binciken ya gano cewa tsaunin bai ba da haɗin kai ba.

A sama kuwa ba a yi jawabi ba. Idon ruwan ya fara ja da baya, kwatamin da yake cikawa ya koma rabi, ya koma laka, lakar ta tsattsage. Yaya ta sa aka tona wurin ko za a cim masa, aka tarar da busasshen yashi. Hanyar gonar ba ta ɗaukar tanka, sai jarka a bayan babur, jarka kuma ba ta shayar da gona. Dole ta zaɓi waɗanda za ta ba, ta zaɓi ƙananan dashe don su ne ke ƙoshi da kaɗan. Manyan, waɗanda ta dasa da mijinta, suka zubar da 'ya'yansu tun suna kore, ganyensu ya naɗe. Kowace safiya takan bi ta gabansu da jarka ba ta ɗaga kai. Mai Guduma tana biye da ita da tata jarkar. Ta san ko yau aka toshe tsagar, ruwan zai ɗauki shekaru kafin ya sake hawowa, itace kuma ba ya jira haka. Ba ta faɗa wa uwarta ba, uwar ma ba ta tambaya ba. Abin tausayi ne, kuma babu wata hanyar faɗarsa da za ta sa ya zama abin dariya.

Labari ya fara yawo a gari cewa Gani-har-hanji ya shanye ruwan yayarsa. Darakta ya ga bai kamata a bar jahilci ya yi ta yaɗuwa ba, sai ya shirya abin da ya kira ziyarar jaje da wayar da kai. Ya ɗebi manyan ma'aikata da mai ɗaukar hoto da masinjan hula. Motoci suka tsaya inda hanya ta ƙare, sauran sai a ƙafa, rana kuma ta take. Rabonsa da hawan nan tun kafin ya yi tumbi. Ya iso yana haki, sabuwar rigar ta manne masa a baya.

Yaya tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno a ƙofar ɗakinta. 'Yarta tana tsaye a bayanta. Darakta ya zaɓi wuri mai kyau a gaban busasshen kwatamin, ya jira mai hoto ya saita, ya fara.

Ya ce da farko yana miƙa jaje a madadin ma'aikata da kuma a madadin kansa. Ya ce bincike na zamani ya tabbatar da cewa idon ruwa ma yana da wa'adin aiki kamar kowane ma'aikaci, in ya tsufa sai ya yi ritaya. Ya ce haɗuwar ritayar da fasa ramin a mako guda ba komai ba ce illa katari, kuma masu haɗa biyun ba su je kwas ba. Ya ce a ƙasashen da suka ci gaba an daina dogaro da lemo. Ya shiga bayanin sauyin yanayi, ya kai tsakiya, sai muryar ta fara sarƙewa. Ya yi gyaran murya, ba ta gyaru ba. Ya haɗiyi yawu, babu yawun. Ya waiwaya wajen tawagarsa, kowa ya dubi na kusa da shi, don an bar ruwan roba a mota.

Tun yana yaro, duk ranar da ya hawo tsaunin nan abu ɗaya yake fara faɗa in ya iso, kuma bakinsa bai jira izinin Darakta ba.

"Yaya, a ɗebo min na idon nan, mai sanyi."

Mai hoto bai sauke na'urarsa ba. Yaya ta dube shi tun daga farar hular har takalmin, ba tare da gaggawa ba, sannan ta nuna masa hanyar da ya hawo.

"Sauka ka sha, Auta. Can ƙasa ka kai shi."